Jatan Landen Rami Da Ya Ba Kamaru Suna



TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke zaune a unguwar New Bell, cikin birnin Duwala a Jamhuriyar Kamaru. Bayan gaisuwa, malamin ya ce gardama ce ta sarƙe tsakaninsa da abokan hirarsa a kan wani abin ruwa da mutanen Duwala ke kira mbeatoe. Wasu sun ce jatan lande ne kamar wanda ake sayarwa a kasuwa, wasu kuma sun ce a'a, dangin kunama ne tun da a rami yake kwana. Sa'an nan ya ji an ce wai daga gare shi ne ƙasar Kamaru ta samo sunanta. Shi ne yake so mu bincika masa asalin wannan halitta, da danginta, da yadda jikinta yake.

AMSA: To, madalla. Malam mai tambaya, a gardamar nan taku kowane ɓangare ya taɓo gaskiya, amma babu wanda ya kama ta gaba ɗaya. Mbeatoe ba kunama ba ne, kuma a wurin masana ba jatan lande ne na ainihi ba. Batun sunan ƙasa kuwa, haka yake.

Bari mu fara da sunan, don shi ya fi sauƙi. A wajen shekarar 1472 ne jiragen ruwan Turawan Fotugal, ƙarƙashin wani matuƙi mai suna Fernao do Po, suka iso bakin Kogin Wouri, inda birnin Duwala yake a yau. Shi ne mutumin da aka sa wa tsibirin Fernando Po sunansa, tsibirin da yanzu ake kira Biyoko. Da suka tarar da ruwan ya cika maƙil da wasu halittu masu kama da jatan lande, sai suka raɗa wa kogin Rio dos Camaroes, wato Kogin Jatan Lande da harshensu. Daga nan sunan ya yi ta sauya baki. Turawan Ingila suka ce Cameroons, Jamusawa da suka kafa mulki a wurin a 1884 suka ce Kamerun, Faransawa suka ce Cameroun, mu kuma muka ce Kamaru. Sunan kogi ya koma na gari, na gari ya koma na ƙasa baki ɗaya, har da su Garwa da Marwa da ke ɗaruruwan kilomita daga teku. Galibin masana sun tafi a kan cewa mbeatoe ɗin nan ne Turawan suka gani, domin shi ne ke da ɗabi'ar fitowa ya cika kogin a lokaci guda.

A 1861 ne ya shiga littattafan kimiyya. Wani masanin halittu na gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan, Adam White, ya sa masa suna Callianassa turnerana, don girmama James Aspinall Turner, wani attajirin birnin Manchesta wanda ta hannunsa samfurin ya isa gidan. Yanzu ana kiransa Lepidophthalmus turneranus. Kada dogon sunan ya ba ka tsoro, za mu ga dalilin sauyin nan gaba. Ana samunsa a bakin koguna da tafkunan gaɓar teku tun daga Togo har zuwa Kwango, har da wuraren da gishirin ruwan bai taka kara ya karya ba. Babbansa kan kai tsakanin santimita 5 da rabi zuwa 14 da rabi, wato daga tsawon ɗan yatsa zuwa kusan tsawon tafin hannu.

To, su wane ne danginsa? Masana kan jera halittu kamar yadda ake jera nasabar mutum, daga al'umma zuwa ƙabila, zuwa zuriya, zuwa gida. A can sama akwai babban rukunin halittu marasa ƙashi a ciki, masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa. A nan ne kawai mbeatoe ya haɗu da kunama da gizo-gizo, kuma haɗuwa ce ta nesa ƙwarai. Abin mamaki ma, binciken ƙwayoyin gado ya nuna fara da kyankyaso sun fi kunama kusanci da shi. Saboda haka masu cewa kunama ce sai su yi haƙuri, ba shi da dafi, ba shi da ƙari a wutsiya.

Idan aka gangaro sai a zo ga ƙabilar da ake kira Decapoda, ma'ana masu ƙafa goma, wadda ke da jinsi fiye da 15,000. A cikinta akwai ƙaguwa, da jatan lande iri-iri, da manyan nan masu awartaki na teku. Tun a 1880 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Boas ya raba su biyu, masu iyo da masu rarrafe. Jatan landen kasuwa, wanda ake busarwa a daka a zuba a miya, yana cikin masu iyo. Jikinsa a matse yake ta gefe da gefe, yana da dogon tsini a goshi, da manyan idanu, yana yawo cikin ruwa. Mbeatoe kuwa yana cikin masu rarrafe. Ka ga ke nan, in za a bi nasaba, ya fi kusa da ƙaguwa a kan jatan landen da ke cikin miyarka. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa. Za mu ci gaba da ce masa jatan landen rami don sauƙin magana kawai.

Yanzu sai jikinsa, kuma a nan ne abin ya fi daɗi, domin kusan kowace gaɓa tasa aikin rami ne ya siffanta ta.

Abu na farko da za ka lura in ka riƙe shi a hannu shi ne laushi. Ƙaguwa da ke yawo a sarari tana bukatar sulke, shi ya sa ɓawonta ke cike da alli, ya yi tauri. Shi kuwa wanda ke cikin taɓo bangon raminsa ne sulkensa, don haka ɓawonsa siriri ne kamar leda, fari-fari ko ja-ja, har kana iya hango kayan cikinsa. Dalilin da ya sa Turawan Ingila ke kiran irinsu jatan landen fatalwa ke nan. Laushin yana da amfani: da shi yake iya naɗe jikinsa ya yi ƙundumbala ya juya a cikin rami mai ƙunci. Awartakinsa ne kaɗai ke da tauri sosai. Kamar sauran danginsa, in ya girma ɓawon ya matse shi, sai ya yi saɓa irin ta maciji ya fito da sabo.

Jikin ya kasu biyu. Akwai gaba, inda kai da ƙirji suka haɗe ƙarƙashin murfi ɗaya, sa'an nan akwai baya mai gaɓa shida kamar gaɓoɓin rake, wanda ya fi gaban tsawo nesa. A ƙarƙashin murfin ƙirjin, hagu da dama, gaɓoɓin numfashi suke, irin jajayen nan da ke ƙarƙashin kumatun kifi. In ka duba da kyau za ka ga wani siririn layi ya ratsa murfin a kowane gefe daga gaba zuwa baya. Wurin ya fi sauran laushi, yana aiki kamar maɗaurin ƙyaure, yana ba gefen murfin damar motsawa don a kori laka daga gaɓoɓin numfashin. Ka riƙe wannan layi a ranka, yana cikin abubuwan da suka ruɗi masana.

Idanu kuwa sai dai a ce akwai su. Na ƙaguwa a kan dogayen sanduna suke tana waiwaye da su, amma nasa sandunan gajeru ne, a baje, sun kwanta kusa da juna, ƙwayar idon kuma 'yar mitsitsiya. Me zai yi da ido a cikin duhu? Da gashin baki guda huɗu, biyu dogaye biyu gajeru, da kuma gashin da ya rufe ƙafafunsa, yake jin motsi da ɗanɗanon ruwa. Tsinin goshin ma ya ƙanƙance. A na Kamaru, ɗan tsinin kan ƙare da haƙora uku ko biyar, kuma wannan na cikin alamomin da ake gane shi da su, ko da yake ƙananan kan rasa haƙoran.

Sai ƙafafun nan goma, biyar a kowane gefe. Kowace biyu da aikinsu, kamar kayan aikin magini. Na farko su ne masu awartaki, kuma ba su zo ɗaya ba, ɗaya ƙato ɗaya ƙarami. Ƙaton kan iya zama a dama ko a hagu. A wurin maza ya fi girma ƙwarai. A wani jinsi na gaɓar tekun Kalifoniya a Amurka, Neotrypaea californiensis, an auna an ga awartakin namiji kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa duka. Ba don haƙa aka yi shi ba, na faɗa ne da kare rami, musamman tsakanin maza. Ƙafafu na biyu su ma suna da ɗan awartaki, ƙanana masu gashi, da su yake sassaƙar taɓo yana tankaɗe shi. Na uku su ne shebur: gaɓarsu ta kusa da ƙarshe ta yi faɗi, da ita yake kwasa yana kuma daddaɓe bango. Na huɗu na dogarawa ne a jikin bango wajen tafiya. Na biyar kuma su ne buroshi, suna lanƙwasawa ta ko'ina, da su yake goge jikinsa da gaɓoɓin numfashi, mace kuma ta goge ƙwanta. Ga wanda ke zaune cikin laka, wannan wanka ba ado ba ne, in laka ta toshe numfashi shi ke nan.

A bakinsa akwai wasu ƙananan hannuwa jeri-jeri. Na waje daga cikinsu sun yi faɗi kamar murfi, kuma in ya haɗa su da ƙafafun gaba sai su zama kwando. Da wannan kwando yake ɗaukar taɓon da ya haƙo ya kai inda zai zubar. Taɓon nan kuma shi ne abincinsa. Yana tsince ruɓaɓɓun ganye da ƙananan halittun da ido ba ya gani, ya watsar da tsakuwa.

A ƙarƙashin bayan akwai wasu filafilai guda goma, biyu-biyu. Huɗun gaba ƙanana ne, sun shafi haihuwa. Shidan baya kuwa faffaɗa ne kamar ganye, kuma su ne zugazuginsa. Yana kaɗa su a jere, sai ruwa ya shigo ta wata ƙofar ramin ya fita ta wata, ya kawo sabuwar iska ya tafi da ƙazanta. A jikin filafilan ne kuma mace ke manna ƙwanta ta yi goyonsu har su ƙyanƙyashe. Can ƙarshe sai wutsiya mai buɗewa kamar mafici, wadda in ya baza ta takan toshe ramin.

Duk da zugazugin, ruwan rami ba ya wadatuwa da iskar oksijin, musamman in teku ya janye ya bar taɓo a fili na sa'o'i. Jininsu ba ja ba ne, domin sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsa na tagulla ne, ba na ƙarfe irin namu ba, kuma nasu yana da ƙarfin kama iska ko da kaɗan ce. Daɗin daɗawa suna iya rage aikin jiki su yi lamo. A gwajin da aka yi wa na Kalifoniyan nan, ya wuce kwana biyar a cikin ruwan da babu oksijin ko kaɗan bai mutu ba. Yawancin kifaye kuwa ba za su kai ko'ina ba.

Shi kansa ramin gini ne sosai. A sama ba ka ganin komai sai 'yar ƙofa, wani lokaci da ɗan tudu kewaye da ita. A ƙasa kuwa akwai rijiya, da rassa, da ɗakunan juyawa. Na Kalifoniya kan nutsa kamar santimita 75, wasu jinsunan kuma sukan wuce mita biyu. Masana sun gano siffar ramukan ne ta hanyar zuba wani ruwan roba mai daskarewa a ciki, in ya sandare su haƙo shi, sai ga shi kamar saiwar bishiya. Bangon a shafe yake sumul da wata majina da yake fitarwa, don kada ya rufta. Kuma ba shi kaɗai ke kwana ciki ba. Ƙananan kifaye da 'yan ƙaguwoyi da tsutsotsi kan tare a ciki, su sha iskar da mai gida ya zugo ba tare da biyan haya ba.

To, a nan ne za mu koma ga nasaba. Tun ƙarni na 19 masana suka tattara duk masu irin wannan siffa, wato jiki mai laushi, dogon baya, ƙananan idanu, da zama a rami, suka sa su zuriya ɗaya mai suna Thalassinidea. Layin nan na murfin ƙirji ma daga sunan zuriyar aka samo nasa, don an ɗauka shaidar gida ce. Amma a 1938 wani Baturen Ingila, Robert Gurney, da ya duba 'ya'yansu tun suna tsutsa, ya ga sun kasu iri biyu da ba su yi kama ba. A 1979 wata masaniya Bafaranshiya, Michele de Saint Laurent, ta ba da shawarar a raba su biyu, Axiidea da Gebiidea. Ba kowa ya karɓa ba a lokacin. Sai a 2009, da aka gwada ƙwayoyin gadonsu, aka tabbatar da maganarta, aka ajiye tsohon sunan. Ashe zaman rami ne ya sa suka yi kama, kamar yadda maƙera biyu da ba su haɗa kaka ba za ka tarar da tafin hannunsu iri ɗaya.

Yadda ake rarrabe su a ido ba shi da wuya. Ka duba ƙafa ta biyu. In tana da cikakken awartaki, ɗan Axiidea ne, kuma mbeatoe na cikinsu. In babu, ko kuwa bai cika ba, ɗan Gebiidea ne. A cikin waɗannan na biyu akwai Upogebia, wanda ba ya cin taɓo sosai, sai dai ya zauna a raminsa mai ƙofa biyu ya zugo ruwa ya tace abinci da gashin ƙafafunsa. Akwai kuma Thalassina na dazuzzukan bakin teku a kudu maso gabashin Asiya da arewacin Ostareliya, wanda ke tara tudun laka kamar suri, har ya wuce mita ɗaya.

A cikin Axiidea ma an yi rabon gado. Gidan Callianassidae, wanda Ba'amurke James Dana ya kafa a 1852, ya daɗe yana zaman gidan kowa da kowa, kusan duk wanda aka samo sai a ce masa Callianassa. A 2019 Gary Poore na gidan adana kayan tarihi na Melbon a Ostareliya da abokan aikinsa suka sake tsara shi da maƙwabtansa zuwa gida bakwai. A wannan tsari na Kamaru ya faɗa gidan Callichiridae, shi kuwa na Kalifoniya ya zauna a tsohon gida. Saboda haka in ka ga wani littafi ya ce Callianassa, wani ya ce Lepidophthalmus, abu ɗaya suke nufi, tsufan littafin ne ya bambanta. Mu dai a ganinmu wannan yawan sauyin suna yana wahalar da ɗalibai, amma ya fi a bar kuskure a zaune don gudun wahala.

Abin da ya fitar da na Kamaru daban shi ne fitowar nan tasa. Yawancin danginsa ba sa barin rami da son ransu, don a waje nama ne ga kowane kifi da tsuntsu. Shi kuwa bayan kowace shekara uku zuwa biyar sai su fito gaba ɗaya su cika bakin kogi, kuma a lokacin ne maza da mata ke barbara a waje. Tun a bayanin da ya zo da samfurin farko an ambaci cewa cikin kwana goma zuwa mako biyu sukan ɓace, kuma da sun bayyana maza kan bar ayyukansu su tafi kamu. Ana shiga ruwa da kwanduna, wasu ma da hannu kawai. A Duwala lokacin biki ne. Matan ake ci ɗungurungum, a ci wasu sabbi, a busar da wasu don miya. Mazan kuwa ana cewa suna ƙaiƙayin maƙogwaro, don haka akan matse bayansu ne a fitar da wani irin mai. Don haka, malam, in ka yi shekara biyu ko uku ba ka gan shi a kasuwa ba, yana nan ƙarƙashin taɓo. Abin da zai iya raba shi da kogin shi ne a lalata taɓon kansa, ta hanyar cike gaɓa don gini, ko sare itatuwan bakin ruwa, ko zubar da dagwalon masana'antu, domin ba shi da wani gidan da zai koma.

Ba ko'ina ake murna da danginsa ba fa. Aikinsu a ƙasan teku kamar na tana ne a gona, suna juya laka suna shigar da iska. Amma inda suka yi yawa, har ɗaruruwa a fili mai faɗin mita ɗaya, sukan mai da ƙasa ta zama kamar kunu. A mashigin Willapa da ke jihar Washinton a Amurka akwai masu kiwon kawa, wato wata halitta mai ɓawo biyu dangin makankari, kuma kawar tasu takan nutse cikin wannan kunu ta mutu. Tun shekarun 1960 suka riƙa fesa maganin ƙwari mai suna carbaryl a kan taɓon, aka yi shekaru kusan hamsin kafin a daina. Da suka nemi izinin wani maganin, hukumar kula da muhalli ta jihar ta hana su a 2018, saboda ɓarnar da zai yi wa sauran halittun ruwa. A gaɓar ƙasar Kolombiya kuma wani ɗan'uwan na Kamaru na kusa, shi ma Lepidophthalmus, ya addabi masu kiwon jatan lande a kududdufai, yana shanye iskar ruwan. A Afirka ta Kudu da Ostareliya kuwa masunta ne ke zuƙo su daga rami da wani famfon hannu, su sa a ƙugiya.

Da yake maza da mata ba amfaninsu ɗaya ba a tukunya, ga yadda za ka gane su in lokacin fitowa ya zagayo. Ka duba babban awartakin ta ciki, kusa da gindin yatsan da ba ya motsi. Mace tana da wani lotsawa mai zurfi a wurin, mai siffar jinjirin wata, namiji ba shi da shi. In kuma kana da gilashin ƙara girman abu, ka kifa shi ka duba gindin ƙafafu. Ƙofar ƙwan mace tana gindin ƙafa ta uku, ta namiji kuma tana gindin ta biyar.